In Ji Wa? Saƙon Salula da Allurar Yara a Dakoro

Ranar kasuwar Dakoro, teburin masu cajin salula ba ya samun sarari tun hantsi. Ana jingine faifan sola yana kallon rana, ko a tada ɗan inji yana ta ƙara a bayan rumfa, wayoyi kuma a jere reras, kowace an manna mata guntuwar takarda mai lamba, rabin takardar yana aljihun mai ita. Mutanen Kornaka da Birnin Lalle da Bermo, da makiyayan da suka gangaro daga kwarin Tarka, kowa ya ajiye tasa ya wuce sayen hatsi ko cinikin bisashe. Da la'asar in mutum ya dawo, ba wuta kaɗai yake karɓa ba. Zai ce wa yaron da ke tsaron tebur, “Zuba mini wa'azi, da duk wani sabon abin da ya shigo.” Yaro ya buɗe Xender ko Bluetooth, kafin a ƙirga kuɗin caji an gama. Abin da aka ɗauka a Kano ko Turabulus ko Abijan shekaranjiya, daren nan za a saurare shi a bakin wuta cikin rugar da ko rezo ba ta da shi.

Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina koyarwa a ƙauyukan wannan yanki. A da, wasiƙa ake kawo mini. Mace ta zo da ambulan a ƙulle cikin gefen zane ta ce, “Mushe, karanta mini.” Wasiƙa tana da sunan mai aikowa da garin da ya rubuta da kwanan wata. Ko labari na baka ne, wanda ya kawo shi yana tsaye gabanka, ka san ubansa, ka san ko mai ƙara gishiri ne, kuma in ya ce an yi kaza, tambayar farko da dattijo zai yi masa ita ce: in ji wa? Yanzu salula ake miƙo mini a ce, “Mushe, saurara mini wannan, gaskiya ne?” Salula kuwa ta kawo mana magana mai yawa, amma ta yanke mata suna da gari da rana.

Wani lokacin rani ɗiyar ƙanwata ta shigo gidana bayan magariba, goye da jaririnta, waya a hannu. Mijinta yana ci-rani a Libiya. Ya turo mata saƙon murya, ya biyo shi da nasa, yana cewa kada ta kuskura ta koma da yaro wurin awo.

“Kawu, jibi ne ranar allurarsa ta biyu,” in ji ta. “Uban yaro ya ce a'a. Yaya zan yi?”

Muka saurara tare. Muryar namiji ce, mai natsuwa, Hausarsa tsaf. Ya yi sallama, ya yi salati, ya ce shi likita ne kuma tsoron Allah ne ya sa yake magana. Ya ce a wani gari an yi wa yara allura sun mutu, waɗanda suka rayu kuma ba za su haihu ba. Ya rufe da roƙon a tura wa duk wanda ake ƙauna. Na maimaita saƙon ina neman sunan mai maganar, ko asibitin da yake aiki, ko sunan garin, ko shekarar da abin ya faru. Babu ko ɗaya. Abin da ke akwai shi ne ƴan kibiyoyi biyu a saman saƙon, alamar da WhatsApp ke sa wa abin da ya bi ta hannaye da yawa. Mijin ba ya karatu. Ya same shi ne a gurup ɗin ƴan garinsu, kuma mutum ne da ke can nesa yana ɗaukar bulo, zuciyarsa na kan ɗan da bai taɓa gani ba sai a hoto. Ƙauna ce ta sa ya tura. Shi ya sa irin wannan saƙo ke da wuyar turewa: ita matar ba muryar baƙo take ji ba, umarnin mijinta take ji.

Ina jin zafin yadda wasu ƴan boko ke kiran mutanenmu jahilai a kan wannan magana. Tsoron yana da tushe, kuma duk mai son a saurare shi sai ya fara amsa wannan.

A 1995 sanƙarau ya afka wa Nijar, ya kwantar da sama da mutum dubu 40 cikin ƴan watanni. Ina saurayi a lokacin, ban manta yadda ake duban wuyan duk yaron da ya ce kansa na ciwo ba. Cikin wannan hali aka kawo allurar rigakafi kyauta daga Najeriya, ɗauke da tambarin manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. Da aka kai shi gwaji sai aka tarar jabu ne, babu sinadarin rigakafi a ciki ko kaɗan. Kafin a gane, an riga an yi wa mutum fiye da dubu 50, suka koma gida suna zaton sun tsira, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci mutuwar kimanin 2,500 a dalilin haka. A 2015, da wani nau'in sanƙarau ya sake ɓarkewa, ya kama sama da 8,500 ya kashe fiye da 500, hukumar ta sake fitar da gargaɗi cewa akwai allurar jabu a kasuwar ƙasar nan.

Shekara ɗaya bayan annobarmu, a 1996, sai ta Kano. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Yara 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka mutu, wasu suka kurumce ko suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da ƴaƴansu. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, maganin mai ciwo ne, amma wa zai tsaya bambancewa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙari a kan haka, a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan don neman Usama bin Ladan, abin da ya zubar da mutuncin masu allura a ƙasashen Musulmi da yawa. A watan Afrilun 2020 kuma wasu likitoci biyu suka zauna a talabijin ɗin Faransa suna shawarar a zo Afirka a yi gwajin rigakafin korona. Wannan hoton bidiyo na gaskiya ne, kuma ya shiga kusan kowace waya da na sani.

Mai ƙirƙirar ƙarya ya san duk wannan. Da waɗannan gaskiya yake share fage, sannan ya ɗora nasa. Amma a duba abin da ya kashe mutane a 1995: rashin rigakafin gaske ne. An tsira musu abin banza, cuta ta same su a buɗe. Darasin wannan shekara shi ne a karɓi allura daga hannun hukumar lafiya, kada a saye ta wajen mai tallan magani a bisa keke. Kuma a kan wannan cuta ɗin ce aka ga abin da rigakafin gaske ke yi. A ƙarshen 2010 aka shigo da allurar MenAfriVac, wadda wani kamfanin Indiya ya haɗa musamman don ƙasashen Sahel, aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar. Nau'in sanƙarau na A, wanda shi ne ke yi mana kisan kiyashi duk bayan ƴan shekaru, ya kusan ɓacewa daga yankin baki ɗaya. Matasan da ke tura saƙonni a yau ba su ga 1995 ba, don haka ba su san abin da aka ɗauke musu ba.

Jita-jitar hana haihuwa ta girmi salular da ke ɗauke da ita. A 2003, kafin a ƙirƙiro WhatsApp, wasu shugabannin addini a arewacin Najeriya, cikinsu har da likita Datti Ahmed, suka ce an gurɓata ɗigon shan inna da maganin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi. Kano, ƙarƙashin gwamna Ibrahim Shekarau, ta fi kowa daɗewa, sai a watan Yulin 2004 ta dawo, bayan an samo maganin daga Indunusiya. A lokacin kaset ne da rediyo da bakin fatake suka ɗauko maganar, ta biyo hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ta shigo Maraɗi, don iyakar nan ba ta taɓa tare zance ba. Cutar ma ba ta tsaya a iyaka ba. Yaran da suka shanye a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, ƙwayar kuma ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Yaman da Indunusiya. A watan Fabrairun 2013 aka harbe masu aikin rigakafi tara a Kano, kusan dukansu mata.

Yaran da aka ɗiga wa maganin a waɗannan shekaru yanzu iyaye ne. Duk wanda ke zuwa suna a Dakoro ya sani. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, mafi yawa a duniya, jihar Maraɗi kuma sama da takwas, bayan shekara da shekaru ana bin gida gida da ɗigo. Abin da ya ragu shi ne mutuwa. A 1992, cikin yara dubu da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. A 2012 sun koma 127. Rigakafi ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba, akwai gidan sauro da cibiyoyin tamowa da maganin yara kyauta da aka ayyana a 2006, amma yana cikin manyan ginshiƙan. Iyayenmu mata sun san lissafin ba tare da takarda ba. Ka tambayi tsohuwa nawa ta haifa, nawa suka rayu, sannan ka tambayi jikarta.

Akwai tambayar da wani dattijo ya taɓa yi wa masu ɗigo a gabana, yana zaune bisa tabarma a ƙofar gidansa, kuma har yau ban ji wanda ya fi shi iya tsara ta ba. Ya ce, “Ƴaƴana, in yaro ya yi zazzaɓi na ɗauke shi a amalanke zuwa gidan likita, sai a rubuta mini takarda a ce in je in sayo. Wannan kuwa da ban roƙa ba, kun biyo ni da shi har gida, kyauta, kuma kuna ta dawowa. Me ya sa?” Ƴan matan da ke ɗauke da akwatin ƙanƙara suka yi shiru, don ba a koya musu amsar ba. An koya musu ɗigo biyu a baki, da shafa tawada a ƙaramin yatsan hagu, da rubutun alli a jikin ƙofa.

Amsar tana nan. Shan inna na cikin cututtuka ƙalilan da ake iya shafewa daga doron ƙasa ɗungurum, kamar yadda aka shafe agana a 1980, shi ya sa duniya ta zuba kuɗi a kansa fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ba ya wadatarwa, musamman ga yaron da ke fama da zawo ko tamowa, don haka ake maimaitawa. An yi nasara: Nijar ba ta sake ganin ƙwayar shan inna ta asali ba tun 2012, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. To me ya sa har yanzu ake zuwa? Nan akwai maganar da ya kamata a riƙa faɗa a fili. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cutar ce da aka raunana. Tana fita ta bayan gidan yaron da aka ba. Inda kusan duk yara suka karɓa, sai ta mutu a nan. Inda aka bar yara da yawa ba kariya, takan yi ta yawo daga wannan zuwa wancan tsawon watanni, har wani lokaci ta sake yin ƙarfi ta shanye yaron da ba a yi wa ba. An samu irin haka a jihar Damagaram a 2018, kuma saboda irin wannan ne aka fito da sabon ɗigo a 2021 wanda bai cika juyewa ba. Ƙin karɓa ne ke buɗe wa wannan hanya. Da an zauna an yi wa dattijon wannan bayani, da ya gane, don makiyayi ne. Amma kukansa na rashin magani a gidan likita gaskiya ne, kuma babu bayanin da zai share shi sai magani a kan kanta.

Na ce makiyayi ne don a ƙasar Dakoro ba a koya wa mai dabba amfanin allura. In lokacin rigakafin bisashe ya yi, tun asuba ake koro garke zuwa shingen allura, ana gardamar layi. Dattawan Fulani da Buzaye suna tuna bushiya, cutar da kan share garken mutum cikin kwanaki. Gagarumin aikin allurar shanu da aka fara a 1962 a Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru na cikin abin da ya karya ta, kuma a 2011 aka bayyana ta ƙare a duniya. Haka maniyyaci: ba wanda ya taɓa fasa aikin Hajji don Saudiyya ta ce sai da takardar allurar sanƙarau. Haka maganin kariyar zazzaɓin damina da ake rabawa yara daga Yuli zuwa Oktoba, uwaye su ke tare masu rabo a hanya, domin zazzaɓin sauro suna ganinsa a ɗakunansu. Mutanenmu ba sa ƙin rigakafi a kan kansa. Suna ƙin abin da ba a yi musu bayaninsa ba, daga hannun wanda ba su sani ba, don cutar da suka daina gani.

A nan salula ke shigowa, kuma ina da ƙorafi a kanta mai yawa. A ƙauyuka da dama sai ka hau tudu ka ɗaga hannu sama kafin rezo ya kama. Ka sayi mega da kuɗin cefane, bidiyo ɗaya ya lashe ta. Ƴan damfara su kira tsohuwa su ce ta ci kyauta, ta aiko da kuɗin buɗe asusu. Tun 2004 aka fara yaɗa cewa akwai lambar da in ka amsa kiranta ka mutu, har a 2011 sai da hukumar sadarwar Najeriya ta fito ta ƙaryata. A watan Agustan 2014 saƙo ya zaga cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga Ebola, mutane suka tashi ƴan uwansu daga barci, aƙalla biyu suka mutu a Najeriya saboda gishirin. Duk da haka ba wanda zai yar da ita. Da ita ɗan ci-rani ke aiko da kuɗi, da ita makiyayi ke jin farashin raƙumi da inda ruwa ya sauka.

Matsalar ita ce gaskiya da ƙarya ba nauyinsu ɗaya ba a cikin wannan na'ura. A ƙasar da manya masu iya karatu ba su fi kashi ɗaya cikin uku da ɗan wani abu ba, saƙon murya shi ne jarida. Ƙarya tana zuwa da Hausa, cikin minti biyu, ba ta cin mega, daga hannun ɗan uwa. Gyara kuwa yakan fito bayan kwanaki, da Faransanci, a rubuce, a shafin Facebook na wani ofis a Yamai. Saƙonnin WhatsApp a rufe suke, daga mai turawa sai mai karɓa, don haka babu mai tantance labari da zai ga abin da ke yawo cikin gurup ɗin dangi. Kamfanin ya rage yawan turawa zuwa wuri biyar a 2019, a watan Afrilun 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya yi yawo sosai zuwa wuri ɗaya a kowane turi. Wannan bai shafi teburin caji ba, inda ake zubawa daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Ga kuma tsohon bidiyo da ake yi wa sabuwar riga. A 2020 an yaɗa hoton taron jama'a aka ce yara bakwai sun mutu a Senegal bayan allurar korona, alhali a lokacin ba a ma ƙirƙiro allurar ba. Yanzu har an kai ga na'ura tana kwaikwayon muryar mutum, ta sa malamin da ka sani ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

Korona ta ƙara dagula lamarin. An samu mutum na farko a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, aka rufe masallatai, abin ya jawo tarzoma a wasu garuruwa har da Yamai. A ƙauye ba a ga gawarwakin da rediyo ke faɗa ba, aka ce cutar masu shiga jirgi ce. Da allura ta iso a watan Maris 2021, masu zuwa suka yi ƙaranci har gwamnati ta ara wa Kodibuwa allurai dubu 100 don kada su lalace. Abin da ya fi damuna shi ne shakkar ba ta tsaya kan korona ba, ta malalo kan karnen awon jarirai. A 2023 mashaƙo, cutar da matasan ma'aikatan lafiya da yawa ba su taɓa gani ba sai a littafi, ya yi ƙamari a Kano, a watan Yuli kuma ya bayyana a Matamaye cikin jihar Damagaram. Mafi yawan waɗanda ya kama ba su cika allurarsu ba. Ita ce allurar nan ta cinya da ake yi a sati shida da goma da sha huɗu. Dussa ma, wadda wasu ke kira ƙyanda ko baƙon dauro, tana dawowa kusan kowane rani. In ta shiga gida, cikin yara goma marasa kariya takan kama tara.

Game da ɗiyar ƙanwata, ban ce mata ta saɓa wa mijinta ba. Mun jira dare ya yi, rezo ya daidaita, na kira shi. Na ce, “Ɗana, wanda ya yi maganar nan, ka san shi?” Ya ce a'a, Kawu. Na ce wanda ya turo maka fa, ya san shi? Ya yi shiru. Sai ya faɗi abin da ke cinsa: bayan allurar farko matarsa ta gaya masa yaro ya kwana yana kuka, jiki da zafi, cinya ta kumbura. Washegari saƙon nan ya shigo, sai ya haɗa biyu da biyu. Ba wanda ya gaya wa uwar a wurin awo cewa hakan na faruwa, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Layi ya yi tsawo, ma'aikaciya ɗaya ce, ta tsira allura ta cike karne ta kira ta gaba.

Ranar awo na raka ta, na roƙi majo, wato shugaban gidan likitan, ya ba mu minti biyu, muka kira mijin yana ji. Majo ya buɗe firjin sola ya ɗauko ƴar kwalba. A jikin takardarta akwai da'ira mai ruwan toka, da ɗan murabba'i mai haske a tsakiya. Ya ce in zafi ya taɓa maganin, murabba'in yakan yi duhu, in ya kai launin da'irar sai a zubar. Ya nuna mata ranar lalacewa, ya fasa sabon sirinji a gabanta, irin wanda ke kulle kansa bayan amfani ɗaya. Ya gaya mata zazzaɓin da za ta iya gani da abin da za ta ba yaro, da alamun da in ta gani ta dawo ko tsakar dare ne. Mijin ya ce, “To, a yi masa.” Duk abin bai ci lokacin shan shayi ba, amma majo ɗaya ba zai iya yi wa mata ɗari haka ba a safiya guda.

A watan Yunin 2024 hukuma ta tsaurara dokar laifukan intanet ta 2019, ta dawo da hukuncin ɗauri kan yaɗa abin da ke tada hankalin jama'a. Ban ga yadda wannan zai kai ga muryar da ba ta da suna ba, kuma ba na fatan a ɗaure ɗan ci-ranin da ya tura don tsoro. Abin da na ga ya yi aiki a baya mutane ne sanannu. Rikicin ɗigon shan inna na Kano ya lafa ne da gwamna Shekarau ya kawo ɗiyarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a, da kuma lokacin da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya ja sarakunan arewa cikin aikin. A nan ma in mai gari ya fara miƙa jikansa, layi kan yi tsawo. Makarantun mazaje da aka fara a Damagaram, inda ake tara magidanta a kan lafiyar iyali, sun nuna cewa miji ne mabuɗi, amma mijin Dakoro rabin shekara yana Agadas ko Libiya ko Legas, kuma ta salula kaɗai za a same shi. Me zai hana majon kowace cibiya ya riƙa ɗaukar saƙon murya da Hausa da Fulatanci da Buzanci, ya faɗi sunansa da garinsa da ranar, a zuba a gurup ɗin ƴan gari, a kai wa masu teburin caji, a sa a rediyon gari da shirin Studio Kalangou? Malamanmu kuma suna da abin faɗa daga gida. Aya ta shida a Suratul Hujurati umarni ce da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bin diddigin wane ya ji daga wane. Al'ummar da ta gaji wannan ilimi bai kamata ta bar lafiyar ƴaƴanta a hannun “an ce” ba.

Gwaji na gaba ya riga ya iso. A watan Satumban 2024 Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin sauro a Gaya, cikin jihar Doso, da niyyar faɗaɗa ta. An fara amfani da ita tun 2019 a Ghana da Kenya da Malawi, aka yi wa yara fiye da miliyan biyu, kuma mutuwar yara masu shekarun karɓa ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Wannan rayuka ne masu yawa. Amma sau huɗu ake yin ta, ta ƙarshe sai yaro ya wuce shekara, kuma ba ta hana zazzaɓi ɗungurum, tana rage yawansa da tsananinsa ne. Ke nan za a samu yaron da aka yi wa, damina ta faɗi, ya kwanta da zazzaɓi. Za a samu wanda zai rasu cikin satin da aka yi masa allura saboda wata cutar daban, kamar yadda yara ke rasuwa a kowane sati na Agusta. A ranar wani zai danna wayarsa ya yi sallama ya fara magana. Ya kamata uwaye da ubanni su ji wannan bayani tun yanzu daga bakin majonsu, tare da gargaɗin kada a naɗe gidan sauro, kada a daina karɓar maganin damina, kafin kwalbar farko ta shiga firjin cibiyarsu.